Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Wasannin Motoci Ta Duniya (FIA), Mohammed Ben Sulayem: Mota Ta Yi Nauyi, Tsere Ya Yi Sanyi

Mai girma Shugaba,

Bayan taya ka murnar sake zaɓenka da aka yi a Tashkent cikin watan Disambar 2025, na rubuto maka ne a kan wani ƙorafi da ya daɗe a bakin masu kallon Formula 1, wanda manyan harkar suka saba yi wa kunnen uwar shegu: cewa tseren ya fara gundurar mutane. Da gangan na nufo ka da wasiƙar nan maimakon Stefano Domenicali, shugaban kamfanin Formula 1. Shi aikinsa tallar haja, kuma babu mai cewa bai iya ba. Kai kuwa kundin dokoki ne a hannunka, kuma ciwon da nake son mu duba a cikin kundin nan yake kwance. Ban da haka, kai direba ne tun kafin ka zama shugaba. Mutumin da ya lashe gasar rali ta Gabas ta Tsakiya har sau 14 ba ya bukatar dogon bayani a kan abin da ƙarin kilo ɗari ke yi wa mota a bakin kwana. Ina fatan za ka karanta abin da ke tafe da sanin cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na san amsar da ake fara bayarwa duk lokacin da aka ta da wannan magana, kuma amsa ce mai ƙarfi. Za a ce kakar 2025 sai da aka kai tseren ƙarshe a Abu Dhabi direbobi uku na da damar ɗaukar kambu, Lando Norris ya gama da maki 423, Max Verstappen da 421, Oscar Piastri da 410. Za a ce a 2024 direbobi bakwai ne suka ci tsere, kowannensu fiye da sau ɗaya. Za a nuna kuɗin shigar da ya haura dala biliyan 3 a shekara, da shirin Netflix da ya jawo matasa tun 2019, da fim ɗin Brad Pitt, da filayen da tikitinsu ke ƙarewa tun watanni kafin ranar. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai teburin maki daban, abin da ido ke gani ranar Lahadi daban. A cikin tsere 24 na wannan kakar da ake alfahari da ita, 16 wanda ya tashi daga gurbin farko ne ya ci. Daga Zandvoort zuwa Sao Paulo, tsere bakwai a jere, duk wanda ya fi sauri ranar Asabar shi ya ɗaga kofi ranar Lahadi. A cikin takwas ɗin da suka rage ma, na Imola da na Spa da na Las Vegas tun a zagayen farko na gudu aka raba gardama. A Suzuka, filin da direbobi da kansu ke sawa a sahun gaba a duniya, motoci shida na farko sun gama a jerin da suka tashi. Wanda ya kalli gwajin Asabar da minti biyun farko na Lahadi, ya tashi ya tafi sabgarsa, abin da ya rasa kaɗan ne a mafi yawan makonni. Gasa na iya yin zafi a lissafi alhali tserenta ɗaya bayan ɗaya suna sa barci, kuma abin da ya faru ke nan.

Shekara da shekaru ana ɗora laifin gundurar a kan mamayar ƙungiya ɗaya. A 2023 Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22, Verstappen shi kaɗai ya kwashe 19, goma daga ciki a jere, kuma ba zan ce shekarar ta yi daɗin kallo ba. Amma duk wanda ya tsaya a nan ya bar jaki yana dukan taiki. A 1988 McLaren ta ci 15 cikin 16, har yau kuma ana ba da labarin shekarar saboda abin da ya wakana tsakanin Ayrton Senna da Alain Prost. A 2014 babu mai iya kamo ƙurar Mercedes, amma daren Baharen da Lewis Hamilton da Nico Rosberg suka yi ta karɓe gaba daga hannun juna yana cikin tsere mafi kyau na zamanin nan. Sannan ita mamayar, FIA ta riga ta samo mata magani, kuma ya dace a yaba. Ƙayyade kuɗin da ƙungiya za ta kashe, wanda aka fara a 2021 da dala miliyan 145, da rage wa ƙungiyar da ke sama lokacin gwajin iska, su suka sa McLaren ta taso daga tsakiya ta ɗauki kambun ƙungiyoyi a 2024, karo na farko tun 1998. Zuwa 2025 motoci sun matso kusa da juna fiye da yadda aka taɓa gani. To a nan ne asirin ciwon ya tonu. Da tazarar ta tsuke, sai wucewa ta ƙara wuya, domin a motocin 2025 na baya ba ya iya shan gaban na gaba sai ya fi shi sauri da rata mai yawa. Idan kowa da kowa gudunsu ɗaya, jerin gwano ake yi. Daidaiton da aka sha wahala aka samar ya faɗo a kan motar da ba ta iya cin moriyarsa.

Bari in tsaya a kan motar kanta. Motar Formula 1 ba ƙarfin inji kaɗai ke sa ta cin kwana da irin wannan gudu ba. Fukafukanta da shimfiɗar ƙasanta suna sarrafa iska ta danne ta a kan kwalta, kuma wannan dannewar tana bukatar iska mai tsabta, wadda ba a dagula ba. Direban da ya matso bayan abokin hamayyarsa yana shiga cikin hargitsattsiyar iskar da na gaba ya bari. Gaban motarsa ya yi sako-sako, ya juya sitiyari mota ta ƙi bin umarni, tayoyin gaba su fara goguwa a kan kwalta suna ɗaukar zafi, birki da inji su rasa iskar da ke sanyaya su. Bayan zagaye uku ko huɗu sai a ji muryar injiniya a rediyo yana ce masa ya ja baya da sakan biyu ya huce tayoyi. Wannan umarnin, wanda mai kallo ke ji kusan kowane mako, shi ne mutuwar tseren: an gaya wa mai farauta ya daina bin abin da yake farauta. A kan wannan kuma aka ɗora nauyi da girma. A 2008 mafi ƙarancin nauyin mota tare da direbanta kilo 605 ne. Ya zama 691 a 2014, 728 a 2017, 798 a 2022, ya kai 800 a 2025, kuma tun da aka hana shan mai a tsakiyar tsere a 2010, mota na tashi da man tseren gaba ɗaya a cikinta, wanda a 2025 yakan iya kai kilo 110. Faɗinta ya tashi daga mita 1.8 zuwa mita 2 a 2017, tsawonta ya haura mita 5. Titunan Monako kuwa ba su ƙara faɗi ba. Shi ya sa a 2024, bayan haɗarin zagayen farko ya sa an ɗaga jar tuta kowa ya canza taya a tsaye, motoci goma na farko suka gama zagaye 78 a daidai jerin da suka tashi, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gasar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne FIA ta san wannan ciwo, ta kuma taɓa warkar da shi. Dokokin 2022 an gina su ne a kan bincike na gaske: a mayar da yawancin dannewar zuwa ƙarƙashin mota, a harba dagulalliyar iskar sama ta tsallake na baya. Alƙaluman da aka fitar a lokacin sun ce tsohuwar mota na rasa kusan rabin dannewarta idan tana mita 10 a bayan wata, sabuwar kuwa ba za ta rasa ko kashi ɗaya cikin biyar ba. Kuma an gani a ƙasa. A Baharen, tseren farko na shekarar, Charles Leclerc da Verstappen sun yi zagaye uku suna musayar gaba, wannan ya wuce a kwanar farko, wancan ya rama a kwana ta huɗu. Daga nan injiniyoyin ƙungiyoyi suka shiga aikinsu, wanda ba laifi ba ne, don shi ake biyansu: suka yi ta lanƙwasa gefen fiffiken gaba da bakin shimfiɗar ƙasa da bututun iskar birki har suka dawo da tura iska gefe, wato ainihin abin da dokar ta zo hanawa. Shekara bayan shekara bin mota ya ƙara wuya, har aka dawo kusa da gidan jiya. Hukumar tana kallo, ta toshe ƙofa ɗaya ko biyu ta bar sauran. Za ka ce canza doka a tsakiyar zango sai da yardar mafi yawan ƙungiyoyi, kuma wanda ke cin riba ba zai yarda ba. Haka ne. Amma shugaba yana da wani jari na faɗa-a-ji da yake kashewa a inda ya ga ya fi muhimmanci, kuma a shekarun nan mun ga inda aka kashe shi: a kan ɗan kunne da sarƙar Hamilton a 2022, a kan kalmar ashar da Verstappen ya furta a Singafo a 2024, a kan tarar da ta fara daga yuro 40,000 wadda aka sa a Janairun 2025 aka kuma sassauta bayan 'yan watanni. Ba na goyon bayan ashar, kuma tarbiyyar da muka tashi a ciki, mu da ku, ba ta yarda da ita ba. Amma da an yi rabin wannan dagiya a kan gefen fiffike, da masu kallo sun gani a ranar Lahadi.

Akwai wani kuskure da ya daɗe yana jagorantar gyare-gyaren hukumar, wato ɗaukar yawan wucewa a matsayin ma'aunin daɗin tsere. A Imola a 2005, Michael Schumacher ya taso daga gurbi na 13 ya cim ma Fernando Alonso, ya manne masa a zagaye goma sha wani abu na ƙarshe, da motar da ta fi sauri ƙarara, bai kuma wuce ba. Alonso ya ci da kusan kashi biyu cikin goma na sakan. Babu wucewa ko ɗaya a tsakaninsu, amma babu wanda ya iya ɗauke ido. A Jarama a 1981 Gilles Villeneuve ya riƙe motoci huɗu a bayansa har ƙarshe, su biyar suka tsallake layi cikin sakan 1.24. A Dijon a 1979 mutane sun manta wanda ya ci, suna tuna yadda Villeneuve da René Arnoux suka yi ta gogar taya a kan matsayi na biyu. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne barazanar da ba ta gushewa, na baya yana kusa, yana iya kai hari a kowace kwana, na gaba kuma yana da hanyar kare kansa idan ya iya. Na'urar DRS da aka yi amfani da ita daga 2011 zuwa 2025, wadda ke buɗe fiffiken baya ga duk wanda ke cikin sakan ɗaya da na gabansa, ta ninka adadin wucewa ta kuma rage mata daraja. Kamar a shiga filin kokawa ne a ɗaure wa ɗaya hannu, sannan a ƙirga kaye a ce wasa ya yi armashi. Har abin ya kai a Jidda a 2022 manyan direbobi biyu, Leclerc da Verstappen, suka taka birki a tare kowa na gudun ya riga ɗan'uwansa tsallaka layin na'urar, domin wanda ke gaba a wurin shi ne abin tausayi. Masu kare ta za su tuna mini da Abu Dhabi a 2010, inda Alonso ya maƙale a bayan Vitaly Petrov har kambu ya suɓuce masa. Na yarda akwai matsala a ranar. Sai dai matsalar ita ce dagulalliyar iska da filin da ba shi da wurin kai hari, kuma DRS ta rufe su da mayafi har shekara 15 ba tare da ta taɓa ko ɗaya ba.

Irin wannan rufa-rufar ta zama al'ada. An ninka makin tseren ƙarshe a 2014, aka soke bayan shekara ɗaya. An kawo gwajin share fage na cire direba ɗaya bayan ɗaya a 2016, bai wuce tsere biyu ba. A Monako a 2025 aka tilasta wa kowa tsayawar canjin taya sau biyu, sai ƙungiyoyi suka yi abin da duk mai hankali zai yi hasashe: Racing Bulls da Williams suka sa direba ɗaya ya rage gudu da gangan ya tare hanya domin abokinsa ya samu tazarar shiga gareji ya fito. George Russell, da ya gaji da bin Alex Albon, ya yanke kwana ya wuce ya karɓi hukunci, don ya lissafa hukuncin ya fi masa zaman jira. Huɗun farko sun gama yadda suka tashi. Ranka ya daɗe, wannan hanya tana da ƙarshe, kuma ka ga ƙarshenta da idonka, domin kwana biyar kafin a zaɓe ka a 2021 aka yi tseren Abu Dhabi da aka karkatar da dokar motar kariya don a samu zagaye ɗaya na ƙarshe mai zafi. Rahoton hukumarka ya amsa cewa an yi kuskure, aka kuma cire daraktan tseren, Michael Masi, daga muƙaminsa. Duk lokacin da aka kasa samun tsere daga motoci, sai a nemi samo shi daga alƙalai, kuma mai kallo yana gane bambanci.

Hujjata mafi ƙarfi ruwan sama ne. A tambayi duk mai bibiyar gasar tseren da ya fi tunawa a shekarun nan, zai ambaci Sao Paulo a 2024, inda Verstappen ya taso daga na 17 ya ci, motocin Alpine biyu suka biyo shi, ko Silverstone a 2025, inda Nico Hülkenberg ya taso daga na 19 ya hau dandamali karo na farko a tserensa na 239. Me ruwa ke yi? Yana rage riƙon taya a kan kwalta, yana tsawaita wurin taka birki, yana buɗe layi fiye da ɗaya a cikin kwana, yana kuma lalata lissafin da ɗaruruwan injiniyoyi ke yi a gaban kwamfuta a hedikwatocin ƙungiyoyi da ke Milton Keynes da Brackley da Woking da Maranello. Hukunci ya koma hannun mutumin da ke riƙe da sitiyari. Idan tsere ba ya yin kyau sai an rage wa mota riƙo, to amsar a bayyane take, riƙon ya yi yawa, kuma doka na iya yin abin da hadari ke yi ba tare da an jira damina ba. Abin takaici, su waɗannan motocin ma ruwan ya fara gagararsu. Faɗin tayoyinsu da ƙarfin shimfiɗar ƙasansu na tayar da feshin da ke makantar da na baya, shi ya sa a Spa a 2021 aka yi 'yan zagaye a bayan motar kariya aka raba rabin maki aka sallami mutanen da suka wuni a cikin ruwa, a 2025 kuma aka jinkirta tashi fiye da awa guda har hanya ta kusa bushewa.

Za a ce mini nauyin nan kuɗin tsaron rai ne, kuma wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa. Wanda ya san abin da ya faru da Roland Ratzenberger da Senna a Imola a 1994, da Jules Bianchi a Suzuka a 2014, ba zai yi wasa da ita ba. Kariyar kai ta halo da aka wajabta a 2018 ta fitar da Romain Grosjean da rai daga cikin wuta a Baharen a 2020, ta kare Zhou Guanyu da motarsa ta kife a Silverstone a 2022. Babu mai neman a cire ko ƙusa ɗaya daga cikinta. Amma a yi lissafi da gaskiya. Ita halo kanta wajen kilo 7 ce, kuma ko an haɗa da ƙarfafa jikin mota da aka yi dominta da sauran matakan kariya, ba su ne suka cinye kusan kilo 200 da aka ƙara tun 2008 ba. Injin V8 na da mafi ƙarancin nauyinsa kilo 95 ne, na haɗin fetur da lantarki ya kai wajen 150. Ƙafafun inci 18 da suka maye gurbin na inci 13 a 2022 sun zo da nasu nauyin. Faɗi da tsawo sun zo da nasu. Waɗannan zaɓi ne da aka yi don dalilan kasuwa da na ado da na neman karya tarihin gudu. Sannan nauyi kansa abokin gabar tsaro ne, domin mota mai nauyi da ƙarfi mai yawa take dukan katanga, sai a ƙara mata kariya, ta ƙara nauyi, a sake zagayowa.

Dokokin 2026 sun nuna an fara jin kiran, kuma ba zan hana ka yabon da ka cancanta ba, don ka daɗe kana cewa motocin sun yi nauyi. An rage faɗi zuwa mita 1.9, an rage tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya daga mita 3.6 zuwa 3.4, an sauke nauyi zuwa kilo 768, an yi sallama da DRS. Sai dai kilo 32 aka cire daga cikin kusan 200, kuma dalilin da ya hana a cire fiye da haka sananne ne: an fara zana inji, sannan aka zana motar da za ta ɗauke shi. An ɗaga ƙarfin lantarki daga kilowat 120 zuwa 350, kusan rabin ƙarfin motar gaba ɗaya, abin da ke nufin babban batir da kuma direban da zai riƙa ɗaga ƙafa daga totur kafin kwana don ya tara caji. An ba wa na baya ƙarin wutar lantarki idan ya matso cikin sakan ɗaya, wanda tsohuwar dabarar ce a sabuwar riga. Tsoron da nake ji shi ne mu fita daga zamanin tattalin taya mu shiga zamanin tattalin batir, inda mota za ta wuce mota don ɗaya cajinta ya ƙare, mai kallo kuma bai san dalili ba sai an nuna masa a allo. Amsar da za a ba ni ita ce wannan injin ne ya jawo Audi, ya dawo da Honda, ya kawo Ford. To, kamfanonin motoci baƙi ne a wannan gida, suna zuwa suna tafiya yadda kasuwarsu ta juya. Honda ta fice a ƙarshen 2008, BMW da Toyota suka bi ta a 2009, Honda ta dawo ta sake sanar da ficewa a 2020 ta sake dawowa, Renault kuma ta rufe aikin injinta a ƙarshen 2025 bayan ta zauna a teburin da aka tsara dokokin. Bai kamata a auna motar da buƙatar wanda zai iya tattara kayansa gobe ba. Lokacin da ka ta da maganar komawa injin V10 mai amfani da man da ba ya gurɓata muhalli a farkon 2025, mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin kewar ƙarar da. Ni ina ganin darajarta a wani wuri: inji mai sauƙi, mara nauyi, mai araha, shi ne ƙofar ƙaramar mota. An jingine maganar a taron Baharen na watan Afrilu. Ina roƙon kada a binne ta.

Filayen ma suna cikin lissafi, ko da yake za ka ce tun sulhun da aka yi da Tarayyar Turai a 2001 harkar kasuwanci ta fita daga hannun FIA. Amma jadawalin shekara ba ya tabbata sai majalisar wasannin motoci ta hukumarka ta sa masa hannu, kuma babu filin da ake tsere a kansa ba da lasisinku ba. An cire Imola, an shigo da titunan Madrid. Zandvoort za ta fita bayan 2026. Spa za ta huta a 2028 da 2030. Tseren cikin gari na kawo kuɗi da kyan hoto, amma katanga hagu da dama da kwanoni masu kusurwa ba sa barin manyan motoci biyu su jeru. Mu a Afirka wannan ya shafe mu kai tsaye, domin rabon nahiyar da tsere tun Kyalami a 1993, kuma kana zaune a Kigali a Disambar 2024 Shugaba Paul Kagame ya bayyana cewa Ruwanda na neman karɓar baƙuncin tsere. Duk ƙasar da ta samu a ƙarshe, a taimake ta ta gina filin da ake iya tsere a kansa, kada a sayar mata da jerin gwano da tsadar gaske.

Abin da nake nema a wurinka a wannan zango na biyu ba shi da yawa. Idan aka zauna tsara dokokin da za su gaji na 2026, a fara rubuta nauyi da faɗi da tsawon mota a shafin farko, nauyin ya sauka ƙasa da kilo 700, sannan a ce wa masu ƙera inji su kawo abin da zai shiga cikinta. A rubuta wa hukumar ikon toshe duk wata dabarar da ta dagula iskar na baya a cikin kakar da aka gano ta, a riƙa auna yadda mota ke iya bin mota kowace shekara, a kuma buga sakamakon kowa ya gani, domin alƙawarin 2022 ya narke ne a inda babu mai ƙirgawa a bainar jama'a. Duk wata sabuwar dabarar ƙawata tsere da aka kawo teburinka, tilasta canjin taya ce ko juya jerin tashi ko ƙara gajerun tseren Asabar, ka tambayi masu ita wace matsalar mota suke son ɓoyewa da ita, ka mayar da su su gyara wannan. Ƙungiyoyi za su yi turjiya, masu ƙera inji za su yi barazanar tafiya, kuma a nan ne ake bukatar dagiyar da kowa ya shaide ka da ita.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam.

Naka,
Wani mai bibiyar tseren Formula 1